Yadda ake renon itace ya miƙe ya yi kauri ta hanyar bin sinadaran girmansa

Ka kafa ƙusa a jikin dogon yaro daidai ƙirjinka, ka dawo bayan shekara 10. Ƙusar tana nan daidai ƙirjinka, sai dai itacen ya haɗiye ta. Bishiya ba ta tsawo daga gindi. Tsawo a ƙarshen rassa ake yin sa, wurin toho. Kauri kuma daga wata fata siririya yake fitowa, tsakanin ɓawo da katako, wadda masana ke kira kambiyom. Duk wanda ya taɓa ɓare ɓawon kalgo da damina don igiya ya san ta: ita ce santsin nan mai danshi da ke saura a jikin sandar.

Ta ciki wannan fata tana haifar katako, ta waje tana haifar ɓawon ciki, inda abincin da ganye ya haɗa ke bi ya sauka zuwa saiwa. Kowace ƙwayar halitta ta katako sai ta rabu da 'yar'uwarta, ta kumbura, ta yi wa kanta bango mai kauri, sannan galibi ta mutu ta zama bututun ruwa ko zaren ƙarfi. Giginya da goruba da dabino ba su da kambiyom, shi ya sa ba sa ƙara kauri shekara-shekara, raunin da aka yi musu ma ba ya rufewa. Abin da ke tafe bai shafe su ba.

Kambiyom ba ta yin gaban kanta. Saƙo take jira daga wasu sinadarai da bishiyar ke haɗawa, 'yan mitsi-mitsi, kuma duk inda ka sa adda a jikin itace, saƙon nan ka taɓa.

Masu aiko da saƙon

Babbansu oksin. A toho da ƙananan ganye masu tasowa ake haɗa shi, sai ya gangaro ta cikin kambiyom, daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kimanin santimita 1 a awa. Hanyarsa ɗaya ce, daga kai zuwa gindi, ko da an kife reshen ba ya sake alƙibla. Shi ke tayar da kambiyom ta shiga aiki, shi ke danne idanun toho na gefe kada su fito, kuma inda ya taru da yawa saiwa ke ɓullowa. A 1933 Kenneth Thimann da Folke Skoog suka gwada wannan a Amurka da wani nau'in wake: suka datse kan, idanun gefe suka tsiro, suka shafa oksin a wurin datsar, idanun suka ci gaba da barcinsu.

Abokin jayayyarsa saitokainin. Mafi yawansa daga saiwa yake, yana hawa tare da ruwa, yana sa ƙwayoyi su rabu, yana tashin idanun gefen da oksin ke dannewa. Siffar kowace bishiya daga wannan ja-in-jar tsakanin kai da saiwa take fitowa.

Jibarelin shi ke miƙa tsawon gaɓoɓi da zaren katako. Wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, ya gano alamarsa a 1926 a shinkafar da wata cuta ke sa ta zarce tsawo ta faɗi. Gwaje-gwajen da aka yi a Birtaniya a shekarun 1960 sun nuna abin da ya kamata mai itace ya riƙe: a reshen da aka cire wa duk idanu, oksin shi kaɗai katako kaɗan yake samarwa, jibarelin shi kaɗai yana sa ƙwayoyi su yi ta rabuwa ba su zama katako sosai ba, amma in aka haɗa su sai katako ya fito da yawa. Duka biyun kuma ganye ne tushensu. Itacen da aka yi wa ƙwalƙwal yana ƙarancin duka biyun.

Etilin iskar gas ne, yana tasowa in an ji wa itace ciwo, ko ya karkace, ko iska na kaɗa shi. Yana da hannu a ƙaron da dakwara ke fitarwa bayan an tsaga ta da rani. Abisik asid kuwa na lokacin ƙishi ne: yana rufe ƙofofin ganye, ya sa kambiyom ta dakata. Akwai na shida da manomi ya san ɓarnarsa bai san sunansa ba, istirigolakton. Saiwa ke fitar da shi, yana taya oksin hana rassan gefe, an tabbatar da haka a 2008. Amma shi ne kuma ƙwayar ƙuduji ke sansanowa a cikin ƙasa ta tsiro ta maƙale wa gero da dawa, kuma shuka ta fi fitar da shi in ƙasa ba ta da fosfarus, ɗaya daga sinadaran taki. Dalili ke nan ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji.

Da farko, duba ko itacen a farke yake

Nemi ƙaramin reshe mai kaurin yatsa, ka tsaga ɓawonsa santimita 2 a tsaye, ka ƙara gajeriyar tsaga a kwance a samanta, ka sa farce ka ɗaga. In ɓawon ya tashi salin-alin, ƙarƙashinsa da danshi, kambiyom tana aiki. In ya manne yana yagewa, barci take. A yawancin bishiyoyi farkawar daga toho take farawa ta gangaro, don haka reshe kan riga gindi da makonni.

Aure, wato haɗa reshen wani itace da gindin wani, da ɗaurin reshe don ya yi saiwa, sai itace na farke. Babban aski kuwa gara a yi shi dab da farkawa, ƙarshen rani kafin tofo, don raunin ya samu damina guda cur yana rufewa. Gawo ne ya fita daban: da damina yake zubar da ganye, ya yi tofo da kaka, kaurinsa ma mafi yawa da rani yake yi. Nasa gyaran a ƙarshen damina ake yi.

Kututture: rage masu takara

In aka sare kalgo, sabara, marke, dogon yaro ko turare, tushen oksin ya tafi, saiwa kuwa tana nan da ƙarfinta tana turo saitokainin. Sai abin ya zama kamar gidan da maigida ya rasu bai bar wasiyya ba, kowane ɗa ya ce shi ne. Toho 20 ko 30 su fito lokaci guda, su raba abincin, babu wanda zai wuce tsumagiya. A kan wannan aka gina sassabin zamani, wanda ya bazu daga yankin Maraɗi tun 1983, lokacin da wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sharewa kowace shekara bishiyoyi ne masu saiwa da rai. An ƙiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

In kai za ka sare, bar kututture santimita 10 zuwa 15, saran a karkace don kada ruwa ya kwanta. Kada ka yi gaggawar ragewa. Bari toho su kai kamar mita 1, a ga masu ƙarfi. Sannan zaɓi 3 zuwa 5, ka cire sauran daga tushe. Fifita waɗanda suka fito daga ƙasa-ƙasan kututturen, musamman ta ɓangaren da iskar hadari ke bugowa, domin na saman bakin sara a ɓawo kawai suke maƙale, guguwa ɗaya ke ɓalle su. Kowane da ka bari, share rassansa na gefe har rabin tsawonsa, kada ka wuce. In dirka ko gungume kake so, bayan shekara 1 ko 2 ka rage su zuwa 2, daga baya 1. In itacen girki ne, bar su 5 ɗin, kana cire ɗaya kowace shekara kana barin sabo ya maye gurbinsa.

Sababbin toho za su ci gaba da fitowa a gindi har sai waɗanda ka bari sun yi kai mai yawan ganye. Ka riƙa zagayawa duk wata 2 zuwa 3 kana murje su da hannu tun suna laushi.

Kai ɗaya, kuma a tsare shi

Itacen katako kai ɗaya yake so. Akuya ta gutsure tohon sama, cikin makonni idanu 3 ko 4 na ƙarƙashinsa za su tashi, itacen ya yi gwafa. A kewaye shi da ƙaya har kan ya wuce bakin dabba. In ɓarnar ta riga ta faru, zaɓi tohon da ya fi ƙarfi kuma ya fi kusa da tsaye, ka ɗaure shi da sanda a miƙe da tsumma, sauran ka rage musu rabin tsawo. Da zarar ya zarce su, oksin ɗinsa zai danne su, sai ka cire su baki ɗaya a shekara mai zuwa.

Maɗaci yana da tasa masifar: wata tsutsa ce ke huda tohon samansa ta cinye cikinsa. Alamarta kai ya yanƙwane, ga garin kashinta a bakin ramin. A datse ƙasa da inda ramin ya tsaya, a ƙona abin da aka datse, sannan a zaɓi kai ɗaya daga waɗanda za su fito. Gwafa mai matsattsen baki kuwa, inda ɓawo ya shige tsakanin rassan biyu, wurin tsagewa ce nan gaba. A cire ɗaya tun bai wuce kaurin babban yatsa ba.

Rassan gefe: nawa za a cire

Nan mutane suka fi kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Ana share itace tas a bar masa 'yar tukku a sama wai don ƙarfinsa ya tafi tsawo. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Kowane reshe mai ganye yana zuba abinci da oksin a gangar jikin da ke ƙasa da shi, shi ya sa gindin itace ya fi samansa kauri. Cire su duka, kaurin gindi ya tsaya, itacen ya zama zankalele ya lanƙwashe, sannan rana ta daki ɓawon, idanun da ke ɓoye su farka, jikin ya cika da tsiron banza, kowanne kuma ƙulli ne a katako.

Ƙa'idar: aƙalla rabin tsawon itacen ya kasance da ganye, kashi 2 cikin 3 ya fi ga ƙarami. Kada a cire fiye da kashi 1 cikin 4 na ganyensa a shekara. A fara daga ƙasa, ana hawa kaɗan-kaɗan, har a samu gangar jiki mai tsabta ta mita 3 ko 4 cikin 'yan shekaru. Reshe mai kaurin santimita 2 zuwa 3 rauninsa kan rufe da wuri. Wanda ya haura santimita 5 yana daɗewa a buɗe, ruɓa da gara su samu ƙofa. Reshen ƙasa da ke neman yin gasa da kai amma lokacin cire shi bai yi ba, a datse masa baki kawai: girmansa zai ragu, ganyensa na ci gaba da ciyar da gindi.

Wurin yankan ma da magana. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi kamar wuya. Naman gangar jiki ne, daga nan ɓawon da zai rufe raunin ke tasowa. Yanka dab da wajensa. In ka shafe shi daidai da jikin itacen, ka buɗe babban rauni. In ka bar dungu mai tsawo, babu ganye a samansa da zai aiko da oksin, kambiyom ɗinsa ta mutu, dungun ya bushe ya zama hanyar ruɓa. Reshe mai nauyi sau 3 ake yanka shi: tsaga daga ƙasa, santimita 20 zuwa 30 daga jikin, zurfin kashi 1 cikin 3, sai yanka daga sama, ɗan gaba da tsagar, reshen ya faɗi bai yago ɓawo ba, sannan a cire dungun. Zarto ya fi. In adda ce ko barandami, a wasa sosai, a sara daga ƙasa zuwa sama. Kada a shafa baƙin mai ko fenti, ba sa hana ruɓa. Bayan damina ka duba: zoben sabon ɓawo da ya kewaye raunin ko'ina shaidar yanka mai kyau ne, in gefe biyu kawai ya taso, an shafe wuyan.

Iska da karkata

Itacen da iska ke kaɗawa ya fi gajarta, ya fi kaurin gindi, ya fi saiwa. Wanda aka ɗaure tamau da sanda tun daga ƙasa har wuya ba ya samun wannan saƙon, ranar da aka kwance shi sai ya sunkuya. In dole ne a tokare dashe, a ɗaure a ƙasa, wajen kashi 1 cikin 3 na tsawonsa, da tsumma ko robar tayar keke, sako-sako yadda zai iya motsi, a kwance bayan shekara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai. Itacen da ya karkace yana gina wani katako na daban ta saman karkatar, mai jan jiki, don ya miƙar da kansa, oksin da jibarelin da etilin duk suna cikin aikin. Ga bishiya dabara ce, ga kafinta ciwon kai: yana kama zarto, yana yin gashi-gashi in an goge, yana murɗewa in ya bushe. In ka ga ɓargon gungume ya koma gefe guda, ba a tsakiya ba, shi ne. Dashen da hadari ya kwantar a tayar da shi cikin kwanakin nan, a danne ƙasar gindinsa.

Tazara ma saƙo ce. Bishiyoyin da ke kusa da juna suna tsere wa inuwa, su yi tsawo, rassan ƙasa su mutu da kansu. Mita 3 tsakani ya isa dogon yaro ko turare su miƙe. Da kawunansu sun haɗe, a sare raunana, in ba haka ba ganyen kowanne ya ragu, kauri ya tsaya. Takin yuriya mai yawa yana ƙara saitokainin, wato ƙarin rassa, don haka takin gida ya wadatar. Ruwa kuwa gara a ba da mai yawa jefi-jefi da a riƙa yayyafi kullum.

Juya dabarar: saiwa a jikin reshe

Tunda oksin gangarowa yake, in ka tare masa hanya zai taru, inda ya taru kuma saiwa za ta fito. Haka ake samun sabuwar gwaiba, lemo ko rumman daga reshen uwa. A farkon damina zaɓi reshe mai kaurin fensir zuwa yatsa, mai ganye sosai. Santimita 30 zuwa 50 daga bakinsa, ƙasa kaɗan da ido, yi yanka biyu masu kewaye reshen, tazarar santimita 2 zuwa 3, ka cire zoben ɓawon. Sai ka kankare santsin nan da bayan wuƙa har katakon ya bushe. Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa: in kambiyom ta saura, cikin mako 2 ko 3 za ta ɗinke gibin, oksin ya wuce abinsa, babu saiwa. Amma kada wuƙar ta shiga katako, ta nan ruwa ke hawa.

Shafa hodar saiwa mai IBA, wanda nau'in oksin ne, a bakin yankan sama kawai. Ana sayar da ita da ƙarfi uku: kashi 0.1 cikin 100 don reshe mai laushi, 0.3 don matsakaici, 0.8 don mai tauri. Ɗan shafi ya isa, in ta yi yawa tana ƙona wurin. Ɗauko dunƙulen ruɓaɓɓen garin katako ko ƙasa mai taki kamar girman lemo, a jiƙe yadda in ka matse ɗigo 1 ko 2 ne zai fita, ka lulluɓe wurin, ka naɗe da leda ka ɗaure sama da ƙasa, ka rufe da takarda ko tsumma saboda rana. Tsakanin mako 4 zuwa 12 za ka hango saiwa. Bari ta fara komawa ruwan ƙasa, sannan ka datse ƙasa da ɗaurin, ka rage rabin ganyen, ka dasa a leda a inuwa.

Sandunan cediya, durumi, dashi da zogale ba sa bukatar hoda, kafa su kawai ake yi. Sai dai kada a kife su. A yanka gindin a karkace, saman a daidai, don kada a rikice.

Zoben da ba a yi niyya ba

Igiyar ɗaure dabba, wayar shanya, ko ledar aure da aka manta, duk suna yi wa gangar jiki abin da ka yi wa reshen can. Alamar: kumburi a saman ɗaurin, tsiro a ƙasansa. Itacen yana iya shekara ko fiye da ganyensa shar, domin ruwa na hawa ta katako, alhali saiwa na mutuwa da yunwa. Kuka tana iya sake ɓawo ko an kewaye ta, yawancin sauran ba sa iyawa. Mai ɗibar sassaƙen maɗaci ya ɗebi siririn layi a tsaye, gefe ɗaya, ya bar ɗan ɓawon ciki: rauni daga gefe da gefe yake rufewa, dogo siriri ya fi gajere mai faɗi saurin warkewa.

In zoben ya riga ya kewaye ƙaramin itace mai daraja, ana yi masa gada: a yanko tsiron bara na irinsa, 3 ko 4, a fiƙe bakunansu biyu, a cusa ɗaya ƙarƙashin ɓawon sama, ɗaya ƙarƙashin na ƙasa, a ɗaure, a rufe da leda. Kan kowane tsiro ya dubi sama kamar yadda yake a jikin uwarsa.

Magunguna biyu na gona suna taɓa waɗannan sinadarai kai tsaye. Maganin ciyawa 2,4-D oksin ne na kanti mai ƙarfin gaske; in iska ta kai feshinsa kan ƙananan bishiyoyi, ganye ya nannaɗe, toho ya murɗe, ɓawo ya tsage. Kada a fesa da iska, kuma famfon da ya sha shi kada ya shiga wurin renon dashe. Faklobutirazol, wanda ake zuba wa mangwaro don ya yi fure, jibarelin yake toshewa, yana kuma daɗewa a ƙasa. A nisanta shi da itacen da ake so ya yi tsawo.

Awo

Shafa fenti a jikin itacen mita 1.3 daga ƙasa, ka riƙa auna kewayensa da tef ɗin tela a nan, farkon damina da ƙarshenta. Raba da 3.14 ka samu faɗinsa. In tsawo na ƙaruwa kauri bai motsa ba, ko an yi masa aski da yawa, ko maƙwabta sun matse shi, ko yana ɗaure da sanda. In kauri na ƙaruwa tsawo ya tsaya, hau ka duba kan, wataƙila ya yi gwafa. In duka biyun sun tsaya damina guda alhali an yi ruwa, tona gindin santimita 10 ka nemi tsohuwar ledar reno da ba a cire ba, saiwar da ta naɗe gindin, ko gara.